Masu Duba Mai Ciwon Sugan Gidanki, Suna Magana Da Juna Kuwa?

Idan akwai mai ciwon suga a gidanki, ko mahaifiya, ko suruka, ko maigida, ko ke da kanki, ina so ki ɗan yi wani lissafi. A shekarar da ta wuce, hannun mutum nawa ya shiga jinyar nan? Akwai likitan da ya rubuta magani. Akwai nas ɗin da ta auna hawan jini ta ɗora ku a sikeli. Akwai na ɗakin gwaji da ya ɗebi jini, da mai ba da magani a taga, da mai kemis na bakin layinku da kike zuwa wurinsa idan na asibiti ya ƙare. Wataƙila an je asibitin ido, ko an cire haƙori, ko an wanke wani ɗan ciwo a ƙafa. Za ki iske sun kai 7 ko 8. To a cikinsu, wa ya san abin da ɗan'uwansa ya faɗa muku?

Shekara 9 ke nan nake raka mahaifiyata asibiti kan wannan lalura. Na zauna a benci da mata iri-iri, wasu har mun zama kamar 'yan gida ɗaya. Kusan magani ɗaya ake ba kowa; metformin ɗin da Inna ke sha shi ta kusa da ita ke sha. Amma wata sai ki ga shekaru na tafiya tana nan garau da idonta da ƙafarta, wata kuwa kafin a je ko'ina an fara maganar wankin ƙoda. Kowa da abin da Allah Ya rubuta masa, wannan babu ja. Akwai kuma bambancin hali, don mai kuɗin gwaji a jaka ba ɗaya take da wadda sai ta sayar da akuya ba. Sai dai akwai sababi na uku da ba a cika maganarsa ba: shin masu duba ta tare suke aiki, ko kowa harkar gabansa yake yi?

Ciwon suga ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a ba ki maganin kwana 3 a sallame ki. Idan suga ya daɗe da yawa a jini, hanyoyin jini yake ci a hankali. Ƙananan su ne na bayan ido, da na ƙoda, da masu ciyar da jijiyoyin da ke sa ki ji zafi ko sanyi a tafin ƙafa. Manyan su ne na zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙafafu. Ciwo ɗaya ne, amma ƙofofin da yake ɓullowa da yawa, kuma a asibiti kowace ƙofa da mai tsaronta. Likitan suga ba shi da na'urar leƙa bayan ido, likitan ido kuma ba ya duba fitsari. Ga ƙarancin lokaci. Idan sau 4 kuke ganin likita a shekara, kowane zuwa minti 10, duka-duka minti 40 ke nan. A minti 10 ɗin nan, ga layi cike a bayanku, ba zai iya duba sakamako, ya gyara magani, ya cire wa tsohuwa safa ya duba yatsunta, ya koya miki yadda ake allura, ya kuma tambayi abin da kuke ci da dare ba. Dole a raba aikin. Rabawar ba ta da wuya, haɗawar ce aiki.

Wata shekara da sanyi gwiwoyin Inna suka matsa mata, ƙanena ya kai ta wani ƙaramin asibiti kusa da gida aka ba ta ƙwayoyi. Gwiwa ta yi sauƙi, har tana ta sa wa likitan albarka. Bayan mako 2 muka je ganin likitan suga, aka gwada, suga ya haura inda ba mu taɓa gani ba. Ya tambaye ta ko ta sauya abinci, ta rantse ba ta sauya ba, kuma gaskiyarta. Sai ya ninka mata ɗaya maganin, glibenclamide, muka nufi taga. Matar da ke wurin, ƙwararriyar harhaɗa magunguna ce, ta ga an ninka abin da aka saba, ta ɗago kai ta ce, "Mama, ban da waɗannan akwai wani abin da kike sha?" Inna ta zazzage ledarta a kan kanta. Matar ta ɗauki wani kwali ta juya shi, ta ce mu ɗan jira. Da ƙafarta ta tashi ta je ofishin likita. Ashe maganin gwiwar nan prednisolone ne, kuma shi da danginsa an san su da ɗaga suga. Likita ya karɓi takardar ya soke ƙarin, ya tsara yadda za a janye na gwiwar sannu a hankali, don irinsa ba a yanke shi rana ɗaya idan an ɗan jima ana sha.

Ki duba abin da zai faru da miƙo mana magani kawai ta yi ta kira na gaba. Na gwiwa zai ƙare, suga ya koma inda yake a da, ga ninkin maganin suga ana ta sha. Sai ya faɗi warwas, wataƙila da tsakar dare. Faɗuwar suga a jikin tsohuwa ba wasa ba ce: gumi, karkarwa, sambatu, suma. A wani gidan ma cewa za a yi iska ce a kama tofi, alhali in tana iya haɗiya, cokalin shayi 3 ko 4 na suga a ruwa take buƙata. Tsakanin tagar nan da ofishin likita bai fi taku 30 ba. Abin da ya fi burge ni ma shi ne likitan bai ɗaure fuska don an dawo masa da takardarsa ba, godiya ya yi mata a gabanmu.

Af, tun da maganar ta zo: ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke sha, waɗanda ake ce wa sha-ka-fashe, da yawansu dexamethasone ne, ɗan gidan su prednisolone. Idan kin ga 'yarki ta soma kumburin fuska ba dalili, ki leƙa jakarta. Haka masu kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da ake saya kamar alewa, suna wahalar da ƙodar da suga ya riga ya taɓa.

Kada ki ce labarin gidanmu ne kawai. An gwada abin nan a zahiri. A ƙasar Denmak, a wata cibiyar masu suga da ake kira Steno, an ɗauki mutum 160 a 1993, dukansu masu nau'in suga na 2 da ƙodarsu ta fara nuna alama. Aka raba su biyu. Rabi suka ci gaba da ganin likitocinsu yadda aka saba. Ɗaya rabin aka damƙa su ga mutum 3 masu aiki tare, likita da nas da masaniyar abinci, suna bin suga da hawan jini da kitsen jini da shan taba da motsa jiki duk a lokaci guda. Bayan kusan shekara 8, haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu ya ragu da kusan rabi a wajen 'yan rukuni na biyu. Aka ci gaba da bibiyarsu har shekara 21, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara 8. Gaskiya ne sun sha magunguna fiye da waɗancan, kuma ma'aunin da aka sa musu ya fi tsauri. Amma wa zai iya riƙe igiyoyi 5 haka shi kaɗai? Shekara 8 kuwa, a lissafinmu na iyaye, kakar da ta ga jikarta a aji 1 na firamare ce ta gan ta a sakandare.

A 2006 kuma wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 66 da aka yi kan hanyoyin inganta jinyar suga, don su ga wace dabara ta fi sauke shi. Waɗanda suka fi tasiri su ne sake tsarin ma'aikata su zama tawaga, da kuma ware mutum ɗaya, nas ko mai harhaɗa magani, ya riƙa bin mara lafiya tsakanin zuwa da zuwa. Inda aka fi ganin amfani shi ne inda aka ba wannan mutumin ikon gyara magani bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa, ba sai ya jira likita ba.

Wurin da rashin haɗin kai ya fi yi mana ɓarna, a ganina, ƙafa ce. A nan zan ɗan daɗe, ki yi haƙuri.

Wata maƙwabciyarmu a tsohuwar unguwa, mace mai sana'ar ƙosai, ta shekara 10 da suga. Da hunturu tana jin ɗumi a kasko, garwashi ya taɓa mata babban yatsa ba ta ji ba, don jijiyoyin ƙafar sun riga sun mutu. Sai da safe ta ga ƙuna. Mako 3 ana wanke mata a kemis, ba wanda ya tambayi nawa sugan yake. Da ya fara wari aka tafi babban asibiti. Ranar ganin likitocin suga daban, ranar masu tiyata daban. Masu tiyata suka ce a je a sauke suga tukuna. Masu suga suka ce ai ba zai sauka ba sai an kankare ruɓaɓɓen naman, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa, shi ya sa ya kamata a yi su tare. Aka ba ta ranar dawowa. Fayil ya kwana a wani ofis, aka nema aka rasa, aka buɗe sabo. Hoton ƙashi sai wani makon. Kafin mutanen nan su haɗu a bakin gadonta, ciwo ya kai ƙashi. A ƙasan gwiwa aka yanke. Babu wanda zan nuna da yatsa in ce mugu ne, kowa ya yi abin da ke kan teburinsa. Yau 'yarta ce ke suyar ƙosan, ta bar makaranta.

Irinta suna da yawa. Tsakanin 2016 da 2017 likitocinmu sun bi mutum 336 da aka kwantar da gyambon suga a manyan asibitoci 6 na Najeriya, har da Kano da Zariya. Fiye da 1 cikin 3 an yanke musu wani sashe na ƙafa, 1 cikin 5 kuwa bai fito da rai ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai, kusan 1 cikin 4 ne kacal aka taɓa koya wa yadda ake kula da ƙafa kafin ciwon ya same su. Mutane ne masu zuwa asibiti shekara da shekaru. Likita yana zaton nas ta faɗa, nas tana zaton likita ya faɗa.

Maganin wannan an daɗe da gano shi, kuma ba wata na'ura ba ce mai tsada. A 1981 wani likita mai suna Michael Edmonds ya buɗe sashen ƙafar masu suga a asibitin King's College da ke Landan. Ya tara likitan suga, da na tiyata, da nas, da ƙwararren kula da ƙafa, har da mai ɗinka takalmi, a ɗaki ɗaya a rana ɗaya. Cikin 'yan shekaru yawan ƙafafun da ake yankewa ya ragu da rabi. Za ki ce ai can Ingila ce. To a Tanzaniya, a farkon shekarun 2000, Dakta Zulfiqarali Abbas na Darussalam da abokan aikinsa suka fara horar da ma'aikata daga yankuna, kuma ba ɗaiɗai suke kiran su ba: likita ɗaya da nas ɗaya daga asibiti guda, su zo tare, su koya tare, su koma tare. Yanke ƙafa ya ragu a can ma. Tawagar mutum 2 ke nan. Ko a asibitin ƙauye, jami'ar lafiya ɗaya da ta iya duba ƙafa, tana da lambar likitan da za ta tura wa hoto ta WhatsApp ya ce mata a kawo yau kada a kwana, ta wadatar da abu mai yawa.

Kafin a kai can, ke ce idon ƙafar nan. Kullum da dare ki duba tafin da tsakanin yatsu, da fitila in babu wuta. Kada ta yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida. Ki zazzage takalmin kafin ta sa. Ruwan wanka ke za ki taɓa da gwiwar hannu, don ƙafarta ba za ta gaya mata gaskiya ba. Ban da gasa ƙafa a wuta, ban da kankare kaushi da reza, ban da masu yankan farce na yawo. A shafa mai saboda faso, amma ba tsakanin yatsu ba. Lalle yana da kyau, sai dai yana ɓoye ja da baƙin da za su fara nuna miki akwai matsala. Ciwo kuma komai ƙanƙantarsa, ko da ba ya zafi, musamman ma in ba ya zafi, na asibiti ne, ba na kemis ba. Duk ranar ganin likita ki cire mata takalmi da safa tun kafin ku zauna. Mai duba ku zai ji nauyin ƙin kallon ƙafar da aka riga aka miƙa masa.

Me ya hana namu asibitocin yin haka ko'ina? Ƙarancin ma'aikata na ciki, ga waɗanda ke ficewa ƙasashen waje kullum. Amma akwai wata tsohuwar tsama da ba ɓoyayya ba ce, tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya: wa zai shugabanci asibiti, wa ya cancanci wane muƙami, albashin wa ya kamata ya kai na wa. A 2013 sai da Shugaba Jonathan ya kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed don a sasanta su. A 2018 gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ta JOHESU ta yi yajin aikin kusan mako 6, daga Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, likitoci suna nan amma ba nas, ba mai gwajin jini, ba mai ɗauko fayil. Idan likitoci suka tafi nasu yajin, sai abin ya juya. Kowanne lokaci ya nuna ɓangare ɗaya ba ya iya riƙe asibiti. Ni ba zan raba musu gardamar albashi ba, kowa na da iyali. Abin da ya dame ni shi ne tsamar da ke biyo su har bakin gadon mara lafiya, inda nas za ta ga kuskure ta yi shiru don kada a ce ta wuce gona da iri, ko likita ya ƙi sauraro don mai maganar ba likita ba ce. Idan bango ya tsage haka, mu ne ƙadangaren ke shigo wa.

Sai batun abinci, inda kowa malami ne. A watanninmu na farko an ce mana a daina tuwo kwata-kwata, an ce sai alkama, an ce sai acca, an ce wake safe da rana da dare. Wasu maganganun daga bakin ma'aikatan asibiti ɗaya suka fito, kowa da tasa. Inna ta rame, ta tsani lokacin cin abinci. Sai da aka haɗa mu da masaniyar abinci. Ba ta fara da hani ba, tambaya ta fara yi: me kuke dafawa, wa ke dafawa, ƙarfe nawa ake ci? Ta ce alkama da acca su ma hatsi ne, suna komawa suga kamar shinkafa da masara, yawan da aka ci shi ne magana. Ta zana mana faranti: rabi ganye, irin su zogale, rama, alayyafo, kabeji, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko awara ko nama, sauran kwatan tuwo, malmala kamar dunƙulen hannun mai ci. Zuma da dabino, duk albarkarsu, suna ɗaga suga. Fura ko ba a sa mata suga ba gero ce. Sannan ta yi abin da ya kawo ni wannan zancen: ta rubuta a fayil cewa an sauya tsarin abinci, likita ya duba ko maganin zai yi yawa. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin, idan aka rage masa abinci ba a taɓa magani ba, an tura shi ga faɗuwar suga. Ta kuma ce in an sake zuwa a zo da mai riƙe da muciya, don ita ce ke zartar da duk abin da aka faɗa.

'Yar'uwa mai juna biyu, ke ma akwai naki. Akwai sugan da ciki ke kawowa, ana gwada shi tsakanin mako na 24 da na 28, a ba ki ruwan suga ki sha a ɗebi jini. Idan yana nan ba a kula ba, jariri kan yi girma ya wuce kilo 4, haihuwa ta yi wuya, shi kuma sugansa na iya faɗuwa a sa'o'in farko bayan ya fito. Don haka masu awo, da likitan suga, da masu karɓar haihuwa, da masu duba jarirai, duk sai sun san da zancen. Inda aka fi sakin igiyar shi ne bayan haihuwa. Masu awo sun gama nasu, hankalin kowa ya koma kan jariri, mai jego na ta shan kunun kanwa da zaƙinsa. Alhali ana so a sake gwada ta tsakanin mako 6 zuwa 12, sannan lokaci-lokaci har gaba, don wadda ta yi sugan ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da na dindindin nesa ba kusa ba. Ranar da kika kai jariri rigakafin mako 6, daidai kin gama wanka ke nan, ki nemi a gwada ki ke ma.

Azumi kuwa yana ƙara mutum ɗaya a tawagar, wato malam. Tsofaffinmu ba sa ajiye azumi don likita ya ce, sai sun ji daga bakin wanda suka yarda da iliminsa na addini. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya, tare da wata gamayyar likitoci da ke nazarin suga da Ramadan, sun fitar da ƙa'idoji a 2016, suka sabunta a 2021, da sa hannun malaman addini. Sun ce a ga likita mako 6 zuwa 8 kafin azumi, wato tun cikin Rajab, a tantance wanda zai iya da wanda bai kamata ya yi ba, a kuma sake tsarin magani, don yadda ake sha a sauran watanni ba haka ake sha tsakanin buɗa-baki da sahur ba. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a sha ruwa nan take ko da saura minti 10 a kira salla. Wannan magana idan limamin unguwa ya maimaita ta, ta fi shiga kunnen Inna fiye da in ni na faɗa sau 10.

Tun da fayil ɗin wannan asibiti ba ya zuwa wancan, mu muka zama masu kai saƙo tsakaninsu, ko muna so ko ba ma so. Abin da ya fi yi mana amfani littafi ne na 'yan makaranta mai shafi 60. A farko akwai sunan duk abin da take sha da yawansa da lokacinsa, har da na kemis, har da jiƙe-jiƙen gargajiya, don wasunsu suna sauke suga su ma, kuma ɓoye wa likita ba ya hana su aiki a jiki. Sai sakamakon gwajin gida da kwanan wata. Duk wanda ya duba ta, ko na ido ko na haƙori, muna roƙonsa ya rubuta layi 2 ya sa hannu, na gaba ya karanta. Ledar magunguna kuma da ita muke zuwa ko'ina, da kwalayensu. Ki ɗauki hoton shafukan a wayarki, littafi na iya jiƙewa.

Ki kula da ma'auni in kina rubutawa. Wata na'urar za ta nuna miki 126, wata 7, takardar da aka kawo daga Maraɗi ko Damagaram ta ce 1.26, kuma duk abu ɗaya ne. Idan taki mai ƙananan lambobi ce irin su 7, ki ninka sau 18 ki sami ta manya. 70 ɗin da na ambata a sama shi ne 3.9 a wurinta, 300 kuma kusan 16.6. Ki rubuta harufan da ke gefen lambar, kada wani ya karanta da ma'aunin da ba shi ba.

A bangon baya na littafin mun jera abubuwan da ba na kullum ba, kowanne da ranar da aka yi shi na ƙarshe. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3 da suka wuce, ba na safiyar ranar kawai ba. Ga yawancin manya ana son ya tsaya ƙasa da 7 cikin 100, ko da yake ga tsofaffi likita kan sassauta. Duba bayan ido, wanda ake ɗiga magani ƙwayar ta buɗe, sau ɗaya a shekara ko da tana gani tangaran, don ɓarnar kan yi nisa kafin gani ya ragu. Gwajin fitsari da na jini don ƙoda, shi ma duk shekara, kuma likitan suga ya ga sakamakon da idonsa, don idan ƙoda ta yi rauni sosai har metformin ɗin ma sai an rage ko an dakatar. Sai duba jijiyoyin ƙafa, da kitsen jini. Idan wata ta wuce lokacinta, ba na jira a tuna, buɗe bangon nake yi a gaban likita in ce, "Likita, ido ya shekara da wata 2, ko za a rubuta mana takardar zuwa?" Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

Wadda asibitin garinsu ke haɗa likitan suga da masu duba ƙafa a rana ɗaya, don Allah ta rubuto mana sunan garin a ƙasa, akwai masu neman inda za su kai nasu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.